Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Cocin Ƙofa Ɗari a Tsibirin Paros

A makon jiya mun tsaya a inda na bar Atina, na hau jirgin ruwa daga tashar Pirayus zuwa tsibirin Paros na ƙasar Girka, inda wani ɗan'uwa ɗan Agadas ya samo mini aikin wanke-wanke a wani ɗan gidan abinci a garin Parikiya. Mai wurin dattijuwa ce, kullum cikin baƙaƙen kaya tun da mijinta ya rasu. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini "ɗana".

Da zafi, lokacin da baƙi ke cika tsibirin, ko ɗaga kai ba ka samu. Sai da aka shiga Oktoba, kasuwa ta lafa, wata safiya ta miƙo mini galan na man zaitun, wai in raka ta coci, na fitilu ne. Ta ga na yi turus. Ta san ni Musulmi ne, ita ce ma ta ware mini lungu a bayan sito inda nake sallah.

"Ɗana, ba bauta na ce ka yi ba. Kaya za ka ɗauka."

Na ce, "To, Mama."

Cocin yana kusa da tashar jiragen ruwa. Sunansa Panagiya Ekatontapiliyani, wato na Maryamu mai ƙofa ɗari. Daga waje farar katanga kawai za ka gani. Sai ka shiga farfajiya sannan ainihin ginin ya bayyana, na dutse tsura, ba fenti. Ba shi da hasumiya, a jikin wata doguwar bishiya aka rataye ƙararrawarsa.

Tun ƙarni na 4 aka kafa shi. Mutanen garin suna cewa Helena, mahaifiyar Sarki Konstantin na Rum, ta ya da zango a tsibirin a hanyarta ta zuwa Ƙudus, ta yi alwashin gina wa Maryamu ɗaki a nan. A ƙarni na 6, zamanin Sarki Justiniyan, aka sake gina shi da ƙubba. Ku lissafa da kanku: ana ibada a wurin nan tun kafin a haifi Manzon Allah (SAW). Girgizar ƙasa ta 1773 ta yi masa ɓarna, kuma daga 1959 zuwa 1966 wani masani, Anastasiyos Orlandos, ya kankare gyare-gyaren da aka yi ta liƙa masa, ya mai da shi kamanninsa na da.

Muna shiga ƙamshin lubban ya tare ni, irin wanda kakata ke turara ɗaki da shi ran Juma'a. Mama ta jefa tsaba a akwati, ta zari siraran kyandir biyu na kakin zuma, ta kunna, ta kafa su a cikin wani faranti mai yashi. Ɗaya na mijinta, ɗaya na ɗanta da ke aikin jirgi. Sannan ta sumbaci hoton Maryamu, wanda aka lulluɓe da azurfa sai fuska kaɗai aka bari. A jikinsa an rataye ƙananan faifan ƙarfe, wani da siffar ido, wani ƙafa, wani jariri, wani kwale-kwale. Kowane ɗaya buƙatar wani ce, ko godiyarsa. Aƙidata ba ta yarda da wannan ba, amma na daɗe ina kallon na jaririn nan, don na san irin kukan da ke sa mace ta zo ta rataye shi.

A gefe akwai ɗakin baftisma, da kwarmin marmara mai siffar gicciye da matakala ta sauka ciki, don a wancan zamani manya ake nitsarwa. Ta kuma nuna mini wata shaida a dutse, wai sawun Teoktisti ne, wata baiwar Allah 'yar tsibirin Lesbos da Larabawa 'yan fashin teku suka sace a ƙarni na 9, ta kuɓuce musu a Paros, ta shekara 35 ita kaɗai a cocin. Da ta ce "Larabawa" sai ta saci kallona. Na yi kamar ban gani ba.

Ni kuma bakina bai bar ni ba, na ce, "Mama, ina ƙofofin ɗari? Ni ban ga ko rabi ba."

Ta ce an ƙirga 99, har da tagogi da kowace kafa. Ta ɗarin a ɓoye take, kuma ba za ta buɗe ba sai ranar da Konstantinoful, wato Istanbul ta yanzu, ta dawo hannun Girkawa, aka sake yin addu'arsu a Aya Sofiya, tsohon babban cocinsu da ke birnin.

Nan jikina ya yi sanyi. A hanyata ta zuwa Turai na bi ta Istanbul, na yi sallar Juma'a a Aya Sofiya, bayan an mai da shi masallaci a 2020, har na tura hotuna gida ana ta sa mini albarka. A Islamiyya an koya mana 1453 a matsayin shekarar nasara, da Sultan Muhammad Al-Fatih ya ci birnin. Ga mata nan, wadda ta ba ni wurin sallah, ita shekarar makoki ce a wurinta, har ranar Talata suke camfawa saboda ran Talata birnin ya faɗi. Ba da gaba ta faɗa ba, tana faɗa tana gyara ɗankwali.

Na gaya mata na yi sallah a can. Ta tsaya cak, sannan ta tambaye ni abu ɗaya: ko hoton Maryamu da ke can sama yana nan? Na ce yana nan, labule ake ja a kansa. Ta ce, "To, ba su kankare ba ke nan." Ta karɓi galan ɗin ta miƙa wa mai kula da fitilu, ta ce mu yi sauri, mai kifi ba ya jira.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda aka rufe gidan abincin da sanyi ya shigo, da yadda na koma tsinkar zaitun a ƙauyen Lefkes.