Daga Alƙahira zuwa Aswan a jirgin ƙasa

Jirgin da ke barin tashar Ramsis zuwa kudancin Masar bin gefen Kogin Nilu yake yi, don haka duk wanda ya samu kujerar taga zai ga gonakin da kudancin ƙasar ke ci da su. Kore ne shar a bakin ruwa, alkama da ciyawar dabbobi da dabino, amma ɗaga ido kaɗan sai rairayi da duwatsu. A wasu wuraren ɗan tsirin gonakin bai fi tafiyar ƙafa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙanƙantar gonakin. Wata ma kamar filin sallar tsakar gida, ga jaki ɗaure, ga injin ban-ruwa yana ta tari. Gwargwadonsu a nan feddan ne, ya ɗara eka da kaɗan, amma da yawa da ƙirat suke lissafi, kashi ɗaya cikin 24 na feddan, domin rabon gado ya daddatsa filayen.

Wajen Asyut wani dattijo manomi ya zauna kusa da ni. Na ce, "Baba, gonar taka ce ko ta haya?" Ya ce haya ce, kamar ta mahaifinsa. Kafin 1952 'yan tsirarun masu hali ne ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noma. A watan Satumba na shekarar, gwamnatin sojojin da suka kifar da Sarki Faruk ta hana mutum ɗaya mallakar fiye da feddan 200, aka rage zuwa 100 a 1961, sannan 50 a 1969. An raba wa wasu talakawa feddan biyu zuwa biyar. Sai dai a ganina ba rabon ne ya fi taɓa jama'a ba. Dokar ta ƙayyade kuɗin haya kada ya wuce ninki bakwai na harajin fili, kuma aka wayi gari mai gona ba ya iya korar ɗan haya, har ɗansa ya gaje shi. Da wannan ne, in ji dattijon, mahaifinsa ya iya sa su makaranta. Gwamnati kuwa ta ci nata rabon, ita ke faɗin abin da za a shuka, ta sayi auduga a farashin da ta ga dama.

Doka mai lamba 96 ta 1992 ta warware wannan kariya, daga Oktoban 1997 haya ta koma hannun kasuwa. Iyalai da dama suka rasa gonar da suka yi shekaru arba'in suna nomawa, samari suka bazama Alƙahira da ƙasashen Larabawa neman aikin gini. Shi dai ya ci gaba da noma, amma duk shekara sai an sake ciniki, ga kuɗin taki, tunda madatsar Aswan da aka gama a 1970 ta tsare laka mai albarka da ambaliya ke kawowa.

Ya sauka a Sohag. Daga Kina zuwa Kom Ombo rake ne ya mamaye gonaki, ana loda shi a ƙananan taragu zuwa masana'antun sukari.