Sai ka durƙusa kafin ka ba da maki

Lokacin da nake karatun aikin gona a Japan, shekara biyu na yi ina zuwa wani lambun bonsai, wato 'yan ƙananan bishiyoyin da ake reno a kasko, a Omiya, arewa da Tokyo. Masu wannan sana'a ne suka kafa unguwar bonsai ta garin a 1925, bayan girgizar ƙasar 1923 ta tashe su daga Tokyo. Aikina bai wuce ban ruwa da shara da tsince ciyawa da hantsaki ba. Maigidan, wanda almajiransa ke kira Oyakata, mutum ne mai tsadar magana. Wata rana cikin hunturu aka gayyace shi alƙalancin wata 'yar gasa ta ƙungiyar masu sha'awar abin, ya ce in bi shi in riƙe masa takardu. Da muka isa sai ya miƙo mini guda, ya ce, "Kai ma rubuta naka."

Bishiyoyi biyu ne suka fi jan hankali. Ɗaya shimpaku ce, irin bishiyar dutse da ganyenta ba ya zuba, jikinta a murɗe, rabinsa mataccen itace fari fat, wanda suke kira shari, ga busassun rassa masu tsini, wato jin, ga ganye kore shar a kai. Ɗayar keyaki ce, irin mai zubar da ganye da hunturu, ba ko ganye ɗaya a jikinta, tana tsaye kamar tsintsiyar da aka ɗaga bakinta sama. Ban yi wata-wata ba na ba shimpakun maki mafi yawa.

Oyakata ya dubi takardata, ya ce, "Daga ina ka kalle ta?"

Na ce, "Daga nan inda nake tsaye, Oyakata."

Ya ce, "Durƙusa."

Da idona ya zo daidai da tsakiyar jikinta, sai na ga abin da ganye ya rufe. A babban reshe na farko akwai tabon waya, ya zagaye shi kamar sawun igiya a wuyan akuya. Da wayar jan ƙarfe ake tanƙwara rassan irin wannan bishiya, amma in aka bar ta ta wuce lokaci, reshen ya yi kauri, sai ta nutse cikin ɓawo, tabon kuwa yakan yi shekaru bai ɓace ba. A gindi an tula gansakuka fiye da kima. Ya sa yatsa ya nuna mini ba tare da ya taɓa ba: saiwa gefe ɗaya kawai ta fito, gindin kuma ya fi samansa siranta. Farin nan da ya ɗauke mini ido, sabon shafe ne na haɗin farar ƙasa da farar wuta, a ƙarƙashinsa ana ganin sawun injin sassaƙa. Itacen da ya mutu da kansa a kan dutse, iska da ƙanƙara suka ci shi, tsagewarsa bin jijiyar itacen take yi. Wannan kuwa aikin bara ne.

Sai muka durƙusa gaban keyakin. Saiwoyinta sun bazu ta ko'ina sun kama ƙasa kamar yatsun hannu, abin da suke kira nebari, daga nan ƙwararru ke fara dubawa. Kowane reshe ya rabu biyu, kowane ɗaya ya sake rabuwa biyu, suna ta sirancewa har suka koma kamar gashi. Na bi jikinta da ido ina neman tabon yanka babba, ban samu ba. Irin wannan ba a samunsa da sauri ko nawa mutum zai kashe. Sai an yi shekaru da yawa ana tsinke toho a kan kari, kowace bazara, ba fashi. Gasar Kokufu-ten, wadda aka fara a 1934 kuma ake yinta a Ueno cikin Tokyo, a watan Fabrairu take, lokacin da masu zubar da ganye suke tsirara, ba inda aibi zai ɓuya. Tun ranar nan na daina ganin bishiya mara ganye a matsayin wadda ba ta shirya ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yadda za a auna abubuwa biyu da ba jinsinsu ɗaya ba. A hanyar komawa na tambaye shi. Ya ce ba ya gwada su da juna tun farko. Kowacce yakan fara gwada ta da abin da irinta ya kamata ya zama: shimpaku ta nuna wahalar dutse, keyaki ta nuna natsuwar fili. Wadda ta fi kusa da cika nata alkawarin ita ce gaba. Kasko ma yana cikin lissafi, mara ƙyalli ga masu ganyen allura, mai ƙyalli galibi ga masu zubar da ganye, haka teburin da aka ɗora ta da 'yar ciyawar da ke gefe.

Har yau ina da ja da takardar maki. In aka ce saiwa kaza, jiki kaza, rassa kaza, a tara, to bishiyar da ba ta da laifi kuma ba ta motsa zuciyar kowa tana iya cinyewa. Na lura shi Oyakata sai ya gama zagaye ɗakin sau biyu yake ɗaukar biro, lambobin kuma daga baya suke zuwa.

Keyakin ce ta ci. Mai shimpakun, wani dattijo, ya zo ya rusuna, fuskarsa ba walwala. Oyakata bai ce masa ta yi muni ba. Ya durƙusa tare da shi, ya nuna masa tabon, ya ce ya kwashe gansakukar, ya daina sa waya tukuna, ya bar mataccen itacen ya sha rana da ruwa. Dattijon ya tambayi yaushe zai sake kawo ta. Oyakata ya daɗe yana kallon gindin, sannan ya ce, "Bayan shekara biyar."