Ɗauko tsohuwar waƙa daga bakin ɗan amshi

In makaɗin fada ya rasu, waƙoƙinsa ba sa binsa kabari nan take. Suna nan a kan 'yan amshinsa, waɗanda suka yi shekaru suna karɓa masa. Su ne ke ƙarewa yanzu, kuma abin da ciwo, ba a cika nemansu ba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. Abin da kaset bai kama ba, sai a bakin irin waɗannan dattawa.

Kada a ce wa tsoho ya faɗo waƙa daga farko zuwa ƙarshe, zai kakare. A roƙe shi ya rera gindin waƙar, wato amshin da ake ta maimaitawa, sau biyu ko uku, yana ɗan buga cinya. Ɗiyan waƙar, wato baitocinta, za su riƙa zuwa da kansu, domin da rauji, wato karin muryar waƙar, aka haddace su. In da hali a haɗa mutum biyu, ɗaya ya ja, ɗaya ya karɓa, saboda sau da yawa abin da ya zauna a kan ɗan amshi shi ne daga inda jagora ke ajiye masa.

A ɗauki murya sau biyu. Na farko da kiɗa, wayar tana nesa da kotso ko taushi kamar taku uku, in ba haka ba kiɗan zai danne kalmomi. Na biyu ba kiɗa, wayar kusa da baki kamar taƙi ɗaya.

Wajen rubutawa aka fi yin ɓarna. Yawancin makaɗan kotso da taushi da Sakkwatanci suke waƙa, sai mai rubutu ya ga kamar gyara ne ya mai da "munka zo" zuwa "muka zo". Ya karya waƙar ke nan: "mun" gaɓa ce mai nauyi, "mu" marar nauyi, kiɗa kuwa a kan nauyin nan ya hau. "Wagga" ta zauna "wagga", "yat tafi" ya zauna yadda aka ji shi. Dogon wasali ma a ninka shi, don a raba garin da ake zama da gaarin tuwo. Kowace saɗara, wato layin waƙa, a sa mata alamar mai faɗinta, jagora ko 'yan amshi.

Kafin a tashi a tambayi sunayen da suka fito: wane ne wannan bafaden, dokin wa ake yabo, ina ne wannan gulbin. Nan za ka ga dattijo ya rage murya, ya dubi ƙofa, ya ce a kashe wayar tukuna. An zo kan zambo ke nan, wanda aka yi wa ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba, jikokinsa kuma suna nan a garin. A kashe ɗin. A rubuta bayanin a takarda daban, kuma kada a yaɗa shi sai da yardarsa.