Gwajin da na yi wa kibod mai PS/2 da mai USB a teburin gyara

Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma akasarin injinan da ake kawo mini tsofaffin kwamfutocin tebur ne da ofisoshin Turai suka gama amfani da su kafin a shigo da su kasuwanninmu. A bayan yawancinsu akwai kafofi iri biyu na haɗa kibod, wato tsohuwar kafa mai siffar da'ira da ake kira PS/2, da kuma USB wadda kowa ya saba da ita yau. Da yake masu kawo gyara suna yawan tambayata wacce ta fi, sai na ajiye kibod biyu a kan kwamfuta ɗaya, na riƙa musanya su a cikin aikin yau da kullum.

Kamfanin IBM ne ya fito da PS/2 a shekarar 1987, tare da kwamfutocinsa masu suna Personal System/2. Kan wayarta yana da allurai 6, kuma ya maye gurbin wani babban kai mai allurai 5 da aka yi amfani da shi tun farkon shekarun 1980. Daga baya aka yi wa kafar kibod launin shunayya, ta maus kuma kore, domin kamanninsu ɗaya ne kuma mutane suna rikita su. Ita kuwa USB ta fito a 1996, amma ba ta kankama ba sai wajen 1998, lokacin da Apple ya fitar da iMac ba tare da tsofaffin kafofinsa ba.

Yadda suke aiki ya bambanta tun daga tushe. A PS/2, da zarar an danna harafi, kibod ne yake katse kwamfuta ya isar mata da saƙo. A USB kuwa kwamfuta ce take leƙa kibod a kai a kai tana tambayar ko an danna wani abu, galibi sau 125 a daƙiƙa ɗaya ga kibod na gama-gari, sau 1000 ko fiye ga waɗanda aka ƙera domin wasanni. Masu ƙaunar PS/2 suna kafa hujja da wannan, amma ni dai na buga takardu masu tsawo da kowanne, yatsuna ba su ji wani bambanci ba. Haka batun danna madannai da yawa a lokaci guda: gaskiya ne tsarin USB na asali yana karɓar madannai 6 ne kawai ban da irin su Shift da Ctrl, alhali PS/2 ba ta da wannan iyaka, sai dai kibod mai araha yakan cije tun a madannai 3, saboda yadda aka shimfiɗa layukan cikinsa, ko da wace kafa aka haɗa shi.

Inda USB ta yi wa tsohuwar fintinkau shi ne wajen cirewa da mayarwa. Ba a ƙera PS/2 domin a zare ta kwamfuta tana kunne ba, kuma idan an yi haka sau da yawa kibod ba ya farfaɗowa sai an sake kunna injin. Allurarta ma ba ta da ƙwari. An taɓa kawo mini kwamfuta daga wata cibiyar koyon na'ura, inda wani ɗalibi ya tura kan wayar a karkace, allurai biyu suka lanƙwashe, 'yar sandar robar da ke tsakiya kuma ta karye ta maƙale a cikin kafar. Da tsinken allura na zaƙulo guntun robar, sannan na miƙe alluran a hankali da hantsaki.

Amma akwai lokacin da tsohuwar kafa ta fitar da ni kunya. Wani mai shago ya nace a sa masa Windows 7 a kan kwamfuta mai sabon allon Intel na bayan 2015, wato babban allon ciki da ke ɗauke da sassan kwamfuta, saboda manhajar lissafinsa ba ta aiki da wanda ya biyo baya. Kibod na USB ya yi aiki lafiya a cikin BIOS, wato shafin saitunan kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, amma shafin girke Windows yana buɗewa ya mutu murus, shi da maus, domin faifan Windows 7 bai zo da direban USB 3.0 ba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane sabuwar kafar USB. Ina haɗa mai PS/2 na sake kunnawa, aiki ya tafi. Irin wannan matsala ce take samun kibod na Bluetooth, wanda a yawancin kwamfutoci ba ya magana sai Windows ta gama tashi, don haka ba a iya shiga BIOS da shi. Kibod marar waya wanda yake zuwa da ɗan ƙaramin makarɓin saƙo da ake sokawa a USB bai cika samun wannan cikas ba, tunda kwamfuta tana ɗaukarsa kibod mai waya.

Abin da ya fi cinye wa mutane kuɗi shi ne ƙaramar adaftar nan mai launin shunayya da ake sayarwa a shaguna domin haɗa kibod na USB da kafar PS/2. Babu komai a cikinta sai wayoyi da suka haɗa wannan kai da wancan, saboda haka ba ta aiki sai da kibod da aka ƙera shi yana jin tsarin biyu, kuma yawancin sababbin kibod USB kaɗai suka sani. Wanda yake son haɗa tsohon kibod na PS/2 da laftof, abin da zai nema shi ne adafta mai ƙwaƙwalwa a ciki, wadda take sauya saƙon daga wannan tsari zuwa wancan, kuma gara ya tafi shago da kibod ɗinsa a gwada a gabansa kafin ya biya.