Na Nemi Lasisin Bindiga A Ingila Da Tarihin Ciwon Damuwa A Fayil Ɗina

A Ingila duk wanda zai nemi lasisin bindiga sai ya amsa tambaya a kan lafiyarsa, kuma ciwon damuwa yana cikin cututtukan da aka ambata da suna a takardar. Yana jere tare da farfaɗiya, da ciwon mantuwa, da shaye-shaye, da tunanin kashe kai ko cutar da wani. Abin da ake son ji shi ne ko likita ya taɓa gano ɗaya daga cikinsu a jikinka ko ya yi maka maganinsa, komai daɗewar abin. Ni kuwa an taɓa. A 2018, bayan rasuwar mahaifina da kuma rasa aikina a shekara guda, na shiga halin da ko tashi daga gado sai na yi da gaske. Likita ya ɗora ni a kan maganin sertraline, ya tura ni zaman tattaunawa da ƙwararriya, na daɗe ina sha kafin muka yi shawara da shi aka rage a hankali har na daina.

Bindigar da nake so ba ta wani abin tashin hankali ba ce. Wani abokin aikina ne ya ja ni filin da ake wasan harbin faifan yumɓu, wanda inji ke cillawa sama kai kuma ka bi shi da harbi. Dokar bindigogi ta 1968 ta yarda mutum ya yi wannan harbin ba tare da lasisi ba, muddin a filin da 'yan sanda suka amince da shi ne, da bindigar aro. Haka na yi ta yi har abin ya shiga raina, na gaji da bindigar aro da kullum sai an canza maka wata, na ce bari in nemi tawa.

Lasisin iri biyu ne. Akwai na bindiga mai watsa ƙananan harsasai, irin ta harbin tsuntsaye, wadda na nema. Akwai kuma na raifil, wanda ya fi tsauri domin kowace bindiga sai ka kawo dalili mai ƙarfi na mallakarta. Ta fuskar lafiya kuwa ba su da bambanci, tambaya ɗaya ce, takardar likita ɗaya ce, kuma duka shekara biyar suke yi kafin a sabunta.

Akwai wani dattijo a cikin mutanenmu na can da nake kira Yaya, wanda nake shawara da shi a kan abubuwa da dama. Da na gaya masa, shiru ya yi sannan ya ce, "Kai dai ba ka jin magana. Abin da Allah Ya rufa maka asiri a kai, ya wuce, ka warke, shi ne za ka ɗauka da hannunka ka kai wa 'yan sanda? Rubuta babu kawai." Na ce, "Yaya, ai ba ni kaɗai za su tambaya ba." Na san don ƙauna ya faɗa. A wurin yawancinmu, da zarar an ce mutum ya ga likita a kan abin da ya shafi ƙwaƙwalwa, to an shafa masa baƙin fentin da ba ya fita, shi ya sa kowa yake binne nasa. Amma shawarar ba ta da mafita ko ta ina. Tun ranar 1 ga Nuwamba 2021 'yan sanda ba sa ba da lasisi sai sun ga takardar da likita mai rajista ya cike bayan ya duba fayil ɗinka. Ƙa'idar ta fara aiki ne watanni kaɗan bayan abin da ya faru a birnin Plymouth a watan Agustan shekarar, inda wani matashi mai lasisi ya harbe mutum biyar sannan ya kashe kansa. In ka rubuta babu, likita ya rubuta akwai, maganar ta tashi daga ta lafiya ta koma ta gaskiya da amana. Ƙarya a takardar neman lasisi laifi ce da za ta iya kai mutum kurkuku har wata shida. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, wannan kuwa ko taku biyu ba shi da shi.

Na rubuta akwai. Na ƙara da shekarar da abin ya fara, da sunan maganin, da lokacin da na daina.

Takardar likita ita ta fi cin lokaci. Cike ta ba ya cikin aikin da hukumar lafiya ta ƙasa ke biyan likitocin unguwa, saboda haka kai za ka biya, kuma kowane asibiti da nasa farashin. Wasu likitocin ma ba sa cikewa sam, sun ce zuciyarsu ba ta yarda su sa hannu a harkar bindiga ba. In ka haɗu da irinsu, doka ta ba ka dama ka kai wa wani likita mai rajista, a tura masa fayil ɗin kai tsaye daga asibitinka. Nawa ya yarda, sai dai takardar ta kwanta a teburinsa har na fara tunanin ta ɓace. Kafin ya cike na nemi ganinsa, kuma wannan ziyarar ta yi mini rana. Ya juyo da allon kwamfutar muka karanta tare. Akwai layin da ya rubuta tun 2018 wanda na manta na taɓa faɗa: cewa wani lokaci nakan ji da ma in kwanta kada in tashi, amma ba ni da niyyar yi wa kaina komai. Na ji wani iri da na gani. Ya ce ba zai cire ba, ba zai kuma ƙara gishiri ba. Ya bayyana mini cewa ba a tambayarsa ko na cancanci riƙe bindiga. Nasa shi ne ya faɗi abin da ke rubuce, hukunci na 'yan sanda ne. Na fita na san duk abin da jami'in 'yan sanda zai karanta kafin ya zo gidana.

A farkon 2024 na tura takarduna. Kuɗin lasisin a lokacin fam 79.50 ne, kuma mutum ɗaya ake nema ya tsaya maka shaida, wanda ya san ka aƙalla shekara biyu kuma ba ɗan'uwanka ba. Abin ya canza: a Fabrairun 2025 kuɗin ya koma fam 194, daga baya a shekarar kuma aka mai da masu shaida biyu. Abokin aikin nan nawa ne ya tsaya mini, kuma kafin in rubuta sunansa na zaunar da shi na ba shi labarin 2018 kaf. Ban so a ce a bakin ɗan sanda zai fara ji ba.

Sai jira. Watanni suka shuɗe ba labari.

Jami'in da ya zo gida dattijo ne, ba ya sanye da kaki, da jaka a rataye. Ya fara da akwatin ƙarfen da na kafe a bango. Ya kama ƙofar ya jijjiga da ƙarfinsa, ya durƙusa ya haska tocila ya duba kusoshin, ya tambayi ko bangon na bulo ne. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Da muka zauna ya buɗe takardar likita, nan aka yi zaman gaske.

Bai tambaye ni ko na warke ba. Ya tambayi me ya jawo ciwon, wa ya fara lura, ni na kai kaina asibiti ko kai ni aka yi. Ya tambayi yadda na daina magani, da izinin likita ko gajiya na yi na watsar. Ya tambayi giya, na ce ba na sha, ya rubuta. Ya tambayi aiki, da bashi, da zamana da iyali. Sannan ya ɗora yatsa a kan layin nan ya ce in gaya masa abin da nake nufi a lokacin. Na gaya masa yadda yake: ban taɓa shirya komai ba, ban taɓa yunƙuri ba, amma akwai watannin da rayuwa ta fita daga raina. Ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "To in ya dawo fa, da bindiga a gidan nan, me za ka yi?"

Na ce zan miƙa wa matata makullin. Ya girgiza kai. Ba ta da lasisi, don haka bai halatta ta riƙe makullin ba, ko inda yake ma bai kamata ta sani ba. An taɓa hana wani lauya sabunta lasisinsa a ƙasar saboda mahaifiyarsa ta san maɓoyar makullinsa, kuma kotu ta goyi bayan 'yan sanda. Hanyar da doka ta sani ita ce a fitar da bindigar daga gidan gaba ɗaya: a kai ajiya wurin dillalin bindigogi mai rajista, ko a miƙa wa 'yan sanda, ko wani mai lasisi ya karɓa bisa ƙa'ida. Ya ce mutumin da ya kira su da kansa ya ce ba ya jin daɗi a kwanakin nan, ya kai bindigarsa ajiya, ba a kallonsa kamar wanda sai da maƙwabta suka kira.

Daga nan ya nemi ya yi magana da matata ita kaɗai. Na fita tsakar gida. Daga baya ta ce ya tambaye ta ko ta san da maganar lasisin, ko hankalinta ya kwanta da bindiga a gidan, ko na taɓa tsorata ta. Ta ce mini, "Abban yara, na gaya masa gaskiya. Na ce ni na fara ganewa wancan karon, kuma in na sake gani ba zan jira izininka ba." Ban ji haushi ba. Da ma haka muka yi da ita tun kafin in cike takarda, domin da ta ce ba ta yarda ba, da maganar ta mutu a nan.

Ba a ba ni a take ba. Sun sake rubuta wa likita suna neman ƙarin bayani a kan layin nan da kuma yadda nake tun bayan daina magani. Bayan amsarsa ta isa, lasisin ya zo ta gidan waya.

Na ji masu cewa wannan bincike cin fuska ne, wai ana ɗaukar mai ciwon damuwa kamar mai laifi. Ban yarda ba, ko da yake na ji zafinsa a jikina. Abin da jami'in ya fi tsoro ba wai in fita in harbi mutane ba ne, mafi yawan masu wannan ciwo ba su taɓa cutar da kowa ba. Ni kaina yake ji wa tsoro. Lokacin da tunanin kashe kai yake kai wa ƙololuwa sau da yawa gajere ne, yakan zo ya wuce, kuma mafi yawan waɗanda suka tsallake shi ba sa mutuwa ta wannan hanyar daga baya. Bindiga kuwa ba ta barin mutum ya tsallake. Wanda ya taɓa shiga duhun nan ya san ba ƙarya suke yi ba.

Inda tsarin yake da haɗari wani wuri ne dabam. Tun 2022 aka fara sa alama a fayil ɗin kwamfuta na duk mai lasisin bindiga a Ingila, ta yadda in ya je wa likita da ɗaya daga cikin cututtukan nan, alamar za ta tunatar da likitan, shi kuma ya duba ko ya kamata ya sanar da 'yan sanda. Manufar mai kyau ce. Amma a filin harbi na ji da kunnena mutane suna cewa su kam ko me ya same su ba za su je asibiti ba, kada a karɓe musu bindiga. Ga manomi ko mai gadin daji, wanda bindigar kayan aikinsa ce, tsoron ya ninka. Sakamakon shi ne a sami mutum da ciwo ba magani, ga bindiga a ɗaki, ba wanda ya sani. Wannan ya fi duk wanda ke shan maganinsa a fili haɗari nesa ba kusa ba. Ƙungiyoyin maharba irin su BASC sun daɗe suna nanata wa mambobinsu cewa zuwa asibiti ba ya nufin ƙwace lasisi kai tsaye, kuma abin da na gani ya gaskata hakan: fayil ɗina ne ya taimake ni, domin ya nuna na je da ƙafata, na sha magani yadda aka ce, na halarci zaman da aka sa mini, na daina da sanin likita. Shan magani a halin yanzu ma ba ya rufe ƙofa shi kaɗai, kowane mutum ana duba nasa ne dabam.

Ba kowa zai samu ba, kuma bai kamata a yi wa kowa daɗin baki ba. Wanda ciwonsa sabo ne, ko aka canza masa magani kwanan nan, ko ya taɓa yunƙurin cutar da kansa, ko abin ya haɗu da shaye-shaye ko rikicin gida, zai iya jin a'a, ko a ce ya dakata tukuna. Doka ta ba shi kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ake kira Crown Court, sai dai shari'ar tana cin kuɗi, kuma in ya faɗi ana iya ɗora masa kuɗin ɗaya ɓangaren. Ni da a ce a 2019 na nema, hana ni ya kamata a yi, kuma filin harbi da bindigar aro yana nan ba inda ya je.

A takardar da na sa wa hannu akwai sharaɗin cewa in ciwon ya dawo cikin shekarun lasisin, ana sa ran in sanar da 'yan sanda da kaina. Lambar dillalin da zai karɓi ajiya tana wayata, tana kuma wayar matata. A 2029 zan sabunta, kuma za a sake komawa wurin likita, a sake buɗe fayil ɗin tun daga 2018.