Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gidan Bilbis

A makon jiya na tsaya ne a inda na dawo Tahoua daga Abijan, bayan shekarun da na kwashe ina bida, da ɗan abin da na tara da kuma niyyar rabuwa da gidan haya. Abokan tafiyata kusan duka fili suka saya a sababbin unguwannin bakin gari, suka ɗora bulo da kwano. Ni kuwa zuciyata na cikin gari inda aka yanke cibiyata, saboda haka da dillali ya ce akwai gidan gado na sayarwa a Bilbis, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da garin ya tsiro daga gare su, ban bari rana ta faɗi ba sai da na je.

Wannan bayan daminar 2024 ne, wadda ruwanta ya kayar da ɗimbin gidajen ƙasa a faɗin Nijar, kuma wannan gida ma ya ji a jikinsa. Katangar gabas, wadda hadari ke fara duka, ta zube rabi, rufin ɗaki ɗaya ya rufta, ciyawa ta cika tsakar gida. Zauren ne kaɗai ya tsaya daram, kuma da na shiga cikinsa da tsakar rana na ji wani sanyi da ban taɓa samu a ƙarƙashin kwano ba.

Ciniki bai ba ni wahala ba. Magada ne suka ba ni wahala. Su bakwai ne, biyu suna Libiya, ɗaya tana aure a Ƙonni. Kawuna ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, kada ko dala ta fita daga hannunka sai kowane magaji ya furta da bakinsa cewa ya yarda, mace da namiji, a gaban shaidu." Wata huɗu muka yi muna bin wannan magana, ana aika saƙon murya ta WhatsApp ana jiran amsa, har aka samu takardar rabon gado daga alƙali, mai unguwa ya tabbatar da iyaka a gaban maƙwabta, sannan muka nufi ofishin magajin gari domin sauya suna. Ranar da aka sa hannu, babbar ƴar gidan ta roƙe ni abu guda, cewa kada in sare bedin da mahaifinsu ya dasa, na kuma yi mata alkawari.

Uwargidana ta so a rushe komai a yi na siminti, kuma ban ga laifinta ba, domin ita ce za ta riƙa tara kwanoni idan rufi ya yi yoyo. Sai na ɗauko wani dattijon magini, ya bi azara ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sanda yana saurare. Ya nuna mini waɗanda gara ta cinye ta ciki, ya kuma nuna cewa indararo ne ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro har ya ratsa bango. Na ce, "Baba, mu shafe bangon da siminti mu huta." Ya girgiza kai ya ce siminti ba ya kama ƙasa, laima yake ɓoyewa a ciki, wata rana ya ɓantare gaba ɗaya. Muka tsaya a kan cewa simintin Malbaza zai shiga daɓe da makewayi da sabuwar katanga, zaure da ɗakuna biyu kuma a yi musu yaɓe irin na da.

Ranar da aka fara kware rufin da ya rufta, sai ga wani maƙwabci ya shigo yana cewa katangar gabas ta ci masa taku biyu tun zamanin iyaye. Yadda muka ƙare da shi zai zo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.