Na Kai Wa Auta Ƙasa Samaru

Ranar Lahadi da dare Auta, ƙanwata da ke karatun fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, don Allah ƙasa nake so ka kawo min." Ƙasar fadamarmu take nufi, wadda marigayi mahaifinmu ya bar mana a bakin kogin Challawa, inda har yau muke noman latas da albasa da rani. Ta ce in ɗebo daga wuri goma sha biyu, kowanne a ledarsa, in rubuta nisansa daga bakin ruwa. Ta ja kunnena har sau uku: kada ƙarfe ya taɓa ta, da cokalin roba zan ɗiba. Inna tana jin mu daga kan sallaya. Da na ajiye waya ta ce, "To ai sai ka haɗa mata da yaji da kuka, tunda dai za ka."

Laraba da sassafe na shiga mota a Unguwa Uku. Hunturu ne, hazo ya sauko har direba na tafiya da fitila a kunne. Muka wuce Kura da Chiromawa, aka tsaya a Kwanar Dangora mutane suka sayi rake, ni kuwa jakar tana kan cinyata, ban yarda an jefa ta but ba. Wani dattijo da ke gefena ya tambayi abin da na rungume haka, na ce ƙasa ce zan kai jami'a a auna. Ya jinjina kai ya ce Allah ya sa a ga alheri a cikinta. Wannan addu'a ta zauna min a rai, don mun daɗe muna jin ana cewa ruwan masana'antun jima yana gangarowa kogin nan, kuma da shi muke ban-ruwa.

A Kwangila na sauka, na hau ƙaramar bas ta bi titin Sakkwato, ta wuce Palladan da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, har ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Sanyin Zariya ya fi na Kano cizo. Auta na tsaye a bakin ƙofa cikin rigar sanyi a kan hijabi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Inna, sannan ta karɓi jakar ta ƙirga ledojin ɗaya bayan ɗaya tun kafin mu ɗaga ƙafa.

Sashen fiziks bai yi kama da abin da na ƙiyasta ba. Na zaci zan tarar da tsit da mutane cikin fararen riguna. Na tarar da baranda cike da ɗalibai, wasu na tafka gardama a kan wani lissafi da aka rubuta a bayan takardar jarrabawa, Hausa da Turanci da Yarabanci duk a cakuɗe. A allon sanarwa an manna jerin masu gabatar da bincikensu a makon, kusa da shi takardar ɗaurin auren wani ma'aikacin ɗakin gwaji, ƙasa kaɗan kuma roƙon gudummawa ga ɗalibin da mahaifiyarsa ke kwance a asibiti. Mutane sun rubuta sunayensu da abin da suka bayar. Na daɗe a gaban allon nan.

Jami'ar ta buɗe a 1962, kuma sashen ya yi suna tun da wuri a binciken ƙarƙashin ƙasa. Auta ta ba ni labarin Farfesa Deborah Ajakaiye da irin muryar da ake ba da labarin kaka. A nan ta yi digirinta na uku a 1970, ta koyar a nan kafin ta koma Jos, kuma a 1980 ta zama mace ta farko da ta kai matsayin farfesan fiziks a Afirka. Aikinta auna ƙarfin jan ƙasa ne wuri-wuri, a duwatsun Filato da kwarin Binuwai, domin dutse mai nauyi da ke binne yana ƙara wannan jan da ɗan ƙanƙanin abu, kuma daga bambancin ake zana abin da ido bai gani ba. "Yaya," in ji Auta, "duk ranar da na gaji, ita nake tunawa."

Da hantsi muka bi wasu abokan karatunta fili, can wajen dam ɗin Kubanni. Sun kafa turakun ƙarfe huɗu a jere. Biyun waje suna tura lantarki cikin ƙasa, biyun ciki suna auna abin da ya iso gare su. Bayan kowane awo sai a tumɓuke na waje a ƙara nisa, don lantarkin ya ƙara nutsawa. Wani saurayi ɗan Binuwai mai riƙe da littafin rubutu ya yi min bayani da Hausarsa mai daɗi. Ƙarƙashin Zariya dutse ne tsantsa, ya ce, ruwa ba ya zama sai a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage, kuma jiƙaƙƙen wuri ya fi busasshe barin lantarki ya wuce. Nan take na tuna rijiyar burtsatse da unguwarmu ta tara kuɗi aka haƙa ba tare da awo ba, aka yi ta huda dutse har kuɗin suka ƙare, ko ɗigo ba a samu ba. Ga shi yara huɗu da waya da guduma suna yin abin da zai hana irin wannan asara. Ƙasar ta bushe ƙamas saboda rani, sai da suka riƙa zuba ruwa a gindin kowane turke. Ni ma na karɓi guduma na buga biyu.

Abin da ya kawo ni dai yana Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta jami'ar, inda tukunyar nukiliya ɗaya tilo ta Najeriya take. Ba a shiga wurinta sai da izini, don haka muna zaune a teburin mai shayi bayan azahar Auta ta zana min ita a takarda. Ƙirar Sin ce, ta fara aiki a watan Fabrairun 2004. Zuciyarta ba ta fi ƙaramin bokiti ba, tana can ƙasan ruwa mai zurfi, kuma ƙarfinta kilowat talatin da 'yan kai ne, bai kai na injin ƙaramar mota ba. Ba wutar lantarki take bayarwa ba. Amfaninta ƙwayoyin niyutiron da take fitarwa.

Ga yadda za a yi da ƙasarmu. Za a shanya ta, a niƙe, a auni abin da bai kai rabin giram ba, a naɗe a ƙunshin roba. Iska ce za ta harba ƙunshin ta cikin bututu zuwa gefen zuciyar tukunyar. A can yawancin sinadaran da ke ciki za su sha niyutiron, su fito suna fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira hasken gama, kuma kowanne da irin nasa, kamar yadda ake gane mutum da muryarsa ko da daga bayan katanga. Na'urar jamaniyam da ake sanyayawa da ruwan naitirojin ita ke saurare. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin. Alminiyam cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu rabin muryarsa ta tafi, dole a yi sauri. Sodiyam awa goma sha biyar, zinare kusan kwana uku. Kuromiyam, wanda masu jima ke amfani da shi kuma shi Auta ke nema, kusan kwana ashirin da takwas yake ɗauka, kuma ba a jin sa sosai sai masu ƙarar sun yi shiru. Shi ya sa za a jira mako biyu ko fiye kafin a auna.

Na tambaye ta dalma, don har yau ban manta da yaran Zamfara ba, fiye da ɗari huɗu da gubar ta kashe a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ta ce dalma na cikin waɗanda wannan hanya ba ta kamawa da kyau, da wata na'ura daban mai hasken eksire ake nemanta. Na ji daɗin yadda ta faɗi iyakar kayan aikinta ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Wani malaminsu ya zo shan shayi, suka miƙe gaba ɗaya. Da ya ji daga Kano nake, ya zauna ya ba ni labarin 2018, lokacin da aka cire tsohon makamashin tukunyar, yuraniyom da aka tace har kashi 90 cikin ɗari, irin wanda duniya ke tsoron ya faɗa mugun hannu. Aka mayar da shi Sin ta jirgin sama, aka sa sabo mai kashi 13. Ghana ta riga mu da shekara ɗaya, tukunyarta irin tamu ce. Yana gama bayani ya juya ga Auta ya tambaye ta babi na uku na bincikenta, ta sunkuyar da kai ta ce yana nan tafe, Malam.

Da la'asar na zauna a bayan ɗaki na kalli gabatar da bincike. Wata ɗaliba ta yi magana kan hasken da ke fitowa daga dutsen gini. Malamai suka yi mata ruwan tambayoyi, har na ji tausayinta, musamman da wani ya tsaya a kan lamba ɗaya ya ce ta faɗi girman kuskuren da zai iya kasancewa a cikinta. Ta amsa, muryarta na rawa. Ana tashi, shi wannan malamin ne ya fara zuwa ya ce mata ta yi ƙoƙari, abokanta suka kewaye ta, wani ya fito da gyaɗa aka raba.

Na kwana a Samaru wurin wani abokina, washegari na kama hanya. Auta ta rako ni har bakin titi, ta ba ni jakar babu komai sai ledoji goma sha biyu sababbi da cokalin roba, ta ce in damina ta faɗi za ta buƙaci wani ɗiban daga wuraren nan dai.

Na isa gida bayan azahar. Inna ta tambayi lafiyar Auta, ta tambayi ko tana cin abinci, sannan ta ce, "To me aka gani a ƙasar?"

Na ce sai nan da mako biyu ko uku, Inna. Ta ce Allah ya kai mu, amma kafin nan kada in kai latas ɗin gefen ruwa kasuwa.